Jirgin Ƙasan Cikin Gari: Doka da Tarihinsa a Jihar Neja

Jirgin ƙasan cikin gari ƙaramin jirgi ne mai bin dogon da aka shimfiɗa a kan titi ko gefensa, yana jigilar fasinja tsakanin unguwanni. Kafin 2023, yin doka kan harkar layin dogo a Najeriya hurumin Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai. A watan Maris na shekarar, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan gyaran kundin tsarin mulki da ya bai wa jihohi wannan iko. Don haka a yau Majalisar Dokokin Jihar Neja tana iya zartar da ƙudurin nazarin yiwuwar irin wannan layi a gari kamar Kontagora, wanda dogo bai ratsa shi ba.

Ƙaramin jirgi ba baƙo ba ne a masarautar Kontagora. A 1901 gwamnatin Lugga ta shimfiɗa siririn dogo daga Wushishi, a bakin Kogin Kaduna, zuwa Zungeru, inda aka kafa hedikwatar Arewa. A 1902 aka tsawaita shi zuwa Barijuko, tsawonsa ya kai mil 22. Dalilin aikin a fili yake: idan ruwa ya ja baya, jiragen ruwa masu ɗauke da kaya ba sa iya haurawa sama. Da babban layin Legas ya iso Zungeru, amfaninsa ya ƙare, aka rufe shi, aka kwashe kayansa zuwa aikin ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda shi ma aka rufe a 1957.

Abin da ya kashe layin Wushishi shi ne abin da nazarin yiwuwa ke fara tambaya: wa zai hau, kuma har yaushe? Sai kuɗin tikiti idan an kwatanta da na acaɓa da Keke Napep, da samuwar wutar lantarki, da diyyar gidaje da shagunan da dogon zai ci.

Manyan birane ma ba su same shi da sauƙi ba. A 2016 Gwamnatin Kano ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1.85 da wani kamfanin ƙasar Sin, amma wa'adin Gwamna Ganduje ya ƙare a 2023 jirgin bai fara tafiya ba. Na Abuja an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo aiki ba sai a watan Mayun 2024.