Zakin da aka saya sule goma

Ran nan a fadarmu, shayi na biyu yana bisa wuta, gardama ta ɓarke. Wani ya kunna waƙar fim ɗin Hausa a wayarsa, wani ya ce ai wannan kiɗan Indiya ne aka ɗauko aka sa masa hula. Sai aka rabu gida biyu: masu cewa sata ce, da masu cewa kama ce kawai, kuma kama da wane ba ta wane. Ni ban ce uffan ba, don labarin wani mutum nake tunawa, wanda ya sa na daina ɗora shari'ar nan bisa kunne kaɗai.

Sunansa Solomon Linda, mutumin ƙabilar Zulu a Afirka ta Kudu. A 1939 shi da ƙungiyarsa, Evening Birds, suka shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo a Johannesburg suka rera waƙar da ake kira "Mbube", wato zaki a harshensu. Muryoyin maza ne masu kauri a ƙasa, shi kuma Linda yana yawo a sama da siririyar murya. Kusa da ƙarshen faifan ya rera wani ɗan gajeren amo. Ku riƙe amon nan, za mu dawo kansa. Faifan ya sayu ƙwarai, har sunan waƙar ya zama sunan salon waƙa gaba ɗaya. Abin da ya shiga aljihun Linda, kamar yadda ake ba da labari, sule goma ne. A kamfanin nan dai ya yi aikin shirya fayafayai a kwali.

Faifan ya haye teku ya faɗa hannun Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya a Amurka, shi kuma ya kai wa mawaƙi Pete Seeger. Seeger bai jin yaren Zulu, sai ya ji kalmar a karkace, ya sa wa tasa suna "Wimoweh". Ƙungiyarsa, Weavers, ta fitar da ita a farkon shekarun 1950. A wurin sunan mai waƙa aka rubuta "Paul Campbell", mutumin da ba a taɓa haihuwa ba: sunan aro ne da ake sawa bisa waƙoƙin da aka ɗauka na gargajiya ne, marasa mai su, don kuɗin ya samu inda zai zuba. A 1961 aka ɗauki ɗan amon nan na ƙarshen faifai, George David Weiss ya ɗora masa kalmomin Turanci, ƙungiyar Tokens ta rera "The Lion Sleeps Tonight", ta zo ta ɗaya a Amurka. Shekara guda bayan haka, a 1962, Linda ya rasu cikin talauci. Sai da aka yi shekara 18 kafin iyalinsa su iya sa dutse a kabarinsa.

To, a nan nake ganin abokaina na fada duka sun kauce. Linda ma ba daga sama ya ciro waƙarsa ba. Jera muryoyi irin wannan, da amshi tsakanin jagora da ƴan baya, gado ne da ya tarar. Haka yake ko'ina. A wurinmu makaɗa nawa ne ke buga kiɗan kalangu iri ɗaya, wa ya taɓa kai wani gaban alƙali? Rijiyar gari kowa na ɗiba. Abin da ya bambanta maganar Linda shi ne ana iya bin sawu: ga faifan, ga hannun da ya ɗauka, ga wanda ya karɓa, ga sunan da aka goge, ga aljihun da kuɗin ya shiga. Wannan ya wuce kama.

Kotuna ma kunne kaɗai bai isar musu. A 1976 wani alƙali a New York ya yanke cewa George Harrison ya kwaikwayi "He's So Fine" a cikin "My Sweet Lord", ko da bai yi da gangan ba, domin tsohuwar waƙar ta shahara yadda ba zai rasa jin ta ba. A 2023 kuwa, a birnin dai, Ed Sheeran ya yi nasara a kan masu cewa ya ɗebi "Let's Get It On", don abin da waƙoƙin biyu suka haɗa tubali ne da mawaƙa da yawa ke gini da shi. Hukuncin Harrison har yau bai kwanta mini ba, gaskiya. Mutum ya biya bashin abin da ƙwaƙwalwarsa ta ajiye bai sani ba? Amma dai shi an saurare shi a kotu yana da rai, da lauyoyinsa.

Shi Linda sai da zakinsa ya shiga fim ɗin Disney, "The Lion King", a 1994, kafin a fara tambaya da ƙarfi. A 2000 ɗan jarida Rian Malan ya bi sawun waƙar a mujallar Rolling Stone, ya kiyasta ta samar da kusan dala miliyan 15 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba). A 2004 aka shigar da ƙara a madadin magadan Linda. Abin mamaki, makamin da lauyoyinsu suka samu tsohuwar dokar daular Ingila ce ta 1911, wadda ta ce shekara 25 bayan mutuwar mai fasaha haƙƙin aikinsa yana komawa ga magadansa, ko da ya sayar. Dokar zamanin mulkin mallaka ce ta tsaya wa ɗiyan baƙar fata!

A 2006 aka sasanta da kamfanin Abilene Music, mai riƙe da waƙar. Ba a bayyana nawa aka biya ba. An dai amince a riƙa ba magadan kasonsu, kuma a rubuta sunan Solomon Linda cikin waɗanda suka tsara waƙar, shekara 67 bayan ranar da ya rera ta a Johannesburg.