Naira da Sefa: Me Ya Raba Makomarsu?

Ƙasar da ake kira Taraba a yau ta taɓa tsayawa a mararrabar kuɗi biyu. A ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961, Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila, har da Gashaka da tsaunin Mambila, ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna. Kudancin ya bi Jamhuriyar Kamaru, a 1962 kuma aka janye fam daga hannun mutanensa aka ba su sefa. Maƙwabtan da jiya suke ciniki da sulai iri ɗaya suka wayi gari kowa da kuɗinsa. Yanzu ma'aikacin da ke zaune a Mayo Gwoi cikin Jalingo, in ya ji farashin canji, sai ya ce masu sefa ne suka dace. Lissafinsa daidai ne. Abin da nake jayayya da shi shi ne dalilin da aka saba ba shi, wai sefa ta tsira ne don kawai ta jingina da Faransa. Hujjata ita ce, abin da ya raba makomar kuɗaɗen biyu shi ne yadda kowane ɓangare ya riƙe, ko ya saki, ƙa'idar da ta hana gwamnati ɗibar bashi daga babban banki.

Alƙaluman ba su da daɗin ji. An ƙaddamar da naira ranar 1 ga Janairun 1973, naira biyu a fam ɗaya. A 1980 dala ɗaya ba ta kai kobo sittin ba a farashin hukuma, alhali tana sayen sefa fiye da 200, wato naira ɗaya ta haura sefa 350. Daga Satumban 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar canji ta biyu ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, gangarowar naira ba ta tsaya ba. A zamanin Abacha an ƙulle dala a kan naira 22 a takarda, kasuwa kuwa tana sayar da ita sama da tamanin. Bayan haɗe farashin canji a Yunin 2023, dala ta wuce naira 1,500 a farkon 2024, sefa ɗaya ta koma sayen naira biyu da ɗoriya. Albashi mafi ƙanƙanta na naira 30,000 da aka sa a 2019 ya kusa sefa dubu hamsin a lokacin. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai sefa dubu talatin ba. A jihar da ciniki ke jiran albashin wata kafin ya motsa, kuma mai sefa ke iya tsallakowa ya kwashi masara da araha, wannan magana ce ta tukunyar gida.

Sai dai sefa ma ba ta tsira daga girgiza ba, ta dai biya kuɗinta ta wata hanya. Faɗuwar farashin mai da koko da kofi a tsakiyar shekarun 1980 ta bugi Kamaru kamar yadda faɗuwar mai ta bugi Nijeriya. Da yake ba ta da ikon sassauta darajar kuɗinta, sai ta zaftare albashin ma'aikata har sau biyu a 1993. A Agustan shekarar aka daina fansar takardun sefa da suka fita daga yankin, saboda yadda suke kwarara waje. Sannan ranar 12 ga Janairun 1994 aka raba darajar sefa biyu a dare ɗaya: faran ɗin Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Jingina da Faransa tana nan daram a duk wannan lokacin, ba ta hana komai ba.

To me ya riƙe sefa a kan 655.957 ga yuro ɗaya tun 1999? Babban bankin yankin, BEAC, da ke Yawunde, na ƙasashe shida ne, babu shugaban da zai kira gwamnansa shi kaɗai ya ce a buga masa kuɗi. A da, bashin da yake ba kowace gwamnati an ƙayyade shi a kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shigarta na bara, a 2017 ma aka yanke shawarar rufe ƙofar. Nijeriya tana da irin wannan katangar, har ta fi tsauri: sashe na 38 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya tsayar da bashin a kashi 5 cikin ɗari. Amma a Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mai da bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ci ta wannan hanya ya zama na dogon zango. Kuɗin da aka ƙirƙira ba tare da an noma ko an ƙera wani abu ba, dole ya fito a farashin kaya da na canji. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024.

Za a ce katangar BEAC ba ta tsaya ba sai don idon Faransa yana kanta, don haka jinginar ce dai tushe. Akwai gaskiya a nan, kuma ba zan rage ta ba. Amma a dubi farashinta: rabin ajiyar kuɗin waje na yankin yana zaune a Baitulmalin Faransa, kuma darajar da ta dace da Jamus ita ake ɗora wa manomin Banyo a Kamaru. Nijeriya, ƙasa mai mutane sama da miliyan 200, ba ta da mai tsaya mata irin wannan, ko da ta nema. Za a kuma ce mai ne ya kashe naira. Kamaru da Gabon da Cadi duk suna sayar da mai, rikicin 2014 zuwa 2016 ya cinye ajiyarsu har aka yi ta raɗe-raɗin karya sefa, amma suka taru a Yawunde a Disamban 2016 suka zaɓi tsuke aljihun gwamnati. Nijeriya a daidai wannan lokacin ta zaɓi farashin canji iri-iri da bashin babban banki, kuma mai ajiyar naira ne ya biya bambancin. Dokar da za ta hana maimaita hakan tana rubuce tun 2007, abin da ya rage shi ne majalisar da za ta ƙi sa hannu idan an tsallake ta.