Kyautata Zato a Muhawarar Ajami da Boko

Cikin dukkan muhawarorin da aka tafka game da harshen Hausa, babu wadda ta daɗe kamar ta ajami da boko. Abin lura shi ne, galibi kowane ɓangare niyyar abokin jayayyarsa yake tuhuma, ya bar hujjarsa ba amsa.

Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatin Lugga ta zaɓi baƙaƙen Romawa domin aikin mulki. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Malamai da dama suka juya wa abin baya, aka ce jahilci ne da taurin kai. Amma kuwa suna da hujja. Sun ga Dakta Miller na mishan yana koyar da waɗannan baƙaƙe a Zariya haɗe da addininsa, ga shi kuma ajamin da Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta da shi an mai da shi baya. Wanda ya ga haka ya yi ɗari-ɗari bai cancanci zargi ba.

Su ma masu boko an munana musu zato, aka ɗauke su 'yan koren Nasara. Alhali Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, da Sa'adu Zungur, duk 'ya'yan gidan malamai ne masu ilmin Larabci. Damuwarsu ita ce ɗab'i da yaƙi da jahilci, domin ajami bai sami ƙa'ida guda ta rubuta ɓ da ƙ da ts ba, kowane malami da yadda ya gada. Wannan bai wanke Turawa daga manufar siyasa ba. Sai dai manufar Bature daban, ta Imam daban.

Rigimar ta sake tashi a 2007, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga takardun naira 5 zuwa 50. Wasu suka ce Larabci ne aka cusa wa ƙasa, alhali Hausa ce tsantsa, adadin kuɗin kurum aka rubuta. Wasu kuma suka ce gaba ce da Musulunci, ba su tsaya sun ji tsoron da ke zuciyar wanda bai iya karanta rubutun ba.

A unguwa irin Yalwawa ta Dutse, yaro kan ɗauki allo da asuba, ya ɗauki littafin boko da hantsi, bai ga saɓani ba. Wajibin manazarci shi ne ya fara kawo hujjar abokin jayayyarsa yadda mai ita zai yarda cewa tasa ce, sa'an nan ya soke ta in tana sokuwa. Tarihin rubutun Hausa ya nuna cewa waɗanda aka kira jahilai da waɗanda aka kira 'yan kore, harshe guda suke kishi.