Kare a gida mai ƙananan yara: yadda ake horar da shi ba tare da an jefa yaran cikin haɗari ba

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai gidaje da yawa suna ajiye kare saboda gadi, makiyaya kuma saboda dabbobinsu, mafarauta saboda daji. Malamai sun yi bayani cewa ajiye kare don farauta, kiwo ko gona ya halatta, da yawansu kuma sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. To amma tsakar gidan da karen yake kwana, nan ne jariri yake rarrafe, nan ne yara suke cin tuwo a ƙasa. Shi ya sa horon ya kasu gida biyu: a hori karen, a kuma koya wa yaran yadda ake zama da shi.

Tun yana kwikwiyo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika sati 8, don a wajen uwa da ƴan'uwansa yake koyon sassauta haƙori in ana wasa. Daga sati 3 zuwa kamar sati 12 ne lokacin da yake saurin sabawa da duk abin da ya gani. A wannan tsakanin a bar shi ya ga yara, tsofaffi, baƙi, awaki, kaji, ya ji ƙarar babur da ta daka, a hankali ba tare da an firgita shi ba. Abin da bai saba da shi yana ƙarami ba, sau da yawa shi yake tsoro in ya girma, kuma kare mai tsoro ya fi saurin cizo.

Irin karen ma a duba. Dogon karen nan siriri na yankin Azawak, wanda Buzaye suke kiwo a arewacin Tawa, yana shaƙuwa da mutanen gidansa ƙwarai amma ba ya sakin jiki da baƙo. Irinsa yana buƙatar a saba masa da mutane da wuri, da fili inda zai yi gudu.

Duka da sarƙa ba sa gyara kare

Akwai masu ɗaure kare a turke dare da rana, su hana shi abinci ko su riƙa dukansa, wai don ya yi zafi. E, zai yi zafi, sai dai zafin ba zai bambance ɓarawo da ɗan maƙwabta da ya shigo ɗaukar ƙwallo ba. Karen da ke ɗaure ba shi da wurin gudu, in yaro ya matso masa sai ya kare kansa da haƙori. Gadi kuwa haushi ne da sanar da masu gida, kuma wannan yawancin karnuka suna yi da kansu in sun girma.

Hanyar da ta fi aiki ita ce lada. In ya yi abin da ake so, a ba shi ɗan guntun nama, busasshen kifi ko ƙuli-ƙuli nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In an jinkirta ba zai gane dalilin kyautar ba. Minti 5, sau biyu ko uku a rana, ya wadatar.

Kalmomi huɗu da ya kamata ya sani

Da farko a sa masa gajeren suna, kuma kowa a gidan ya riƙa amfani da kalma iri ɗaya. In maigida ya ce "zauna", uwargida ta ce "kwanta", yara kuma su faɗi wata da faransanci, karen zai rikice.

"Zo": a kira sunansa, in ya iso a ba shi lada. Kada a taɓa kiransa don a dake shi, in ba haka ba gobe ba zai zo ba.

"Zauna": a riƙe abincin bisa hancinsa, a ja hannu baya kaɗan ta saman kansa. Da kansa zai sauke gindi ƙasa. A lokacin a faɗi kalmar, a ba shi.

"Bari": a rufe abinci cikin tafin hannu. Zai shinshina, ya lasa, ya gaji. Da ya ja da baya a ce "bari", a ba shi wani da ɗaya hannun. Wannan kalma ce za ta hana shi fizge ƙosai daga hannun yaro.

"Wurinka": a ware masa inuwa da buhu ko tsohuwar tabarma, a riƙa kai shi can ana ba shi lada. Lokacin cin abinci, lokacin salla, ko in baƙi sun zo, can zai tafi. Yara su san cewa in yana wurinsa ba a taɓa shi.

Kwikwiyo yana son tauna, musamman tsakanin wata 3 da wata 6 da yake sake haƙora. In ya kama hannu ko zanen yaro, a tsayar da wasan nan take, a ba shi igiya ko tsumma ya tauna.

Abin da za a koya wa yara

Doka ta farko ta manya ce: ba a barin jariri ko ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, komai sabon da ke tsakaninsu. In uwa za ta shiga ɗaki ko madafa, ta goya ɗanta ko a fitar da karen. Ƴar shekara 7 da aka bar wa ƙaninta ba ta isa ta raba su ba in abu ya faru. Cizon da yara suke samu, sau da yawa daga karen da suka sani ne, kuma saboda gajartarsu a fuska ko wuya yake samunsu.

A nanata musu: ba a taɓa kare in yana cin abinci, in yana barci, ko karya in tana shayar da ƴaƴanta. Ba a jan wutsiya ko kunne, ba a hawansa kamar jaki, ba a jifansa. In baƙon kare ya taso musu a hanyar lakwal, kada su ruga da ihu. Su tsaya cak, hannuwa a jiki, kada su zura masa ido. In ya kayar da yaro, ya dunƙule ya rufe wuya da fuska da hannuwa.

Kare yakan nuna alama kafin ya ciji: ya kau da kai, ya lashi baki, ya yi hamma, ya kwantar da kunnuwa, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu, ko jikinsa ya sandare. Bayan nan sai gurnani. Kada a dake shi don ya yi gurnani, gargaɗi ne yake yi. A ɗauke yaron kawai. Karen da aka hana gurnani, wata rana sai dai a ji cizo.

Tsabta da abinci

A ba shi kwanonsa na daban, da ruwa kullum a inuwa, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke hanji, kuma albasa mai yawa tana ɓata masa jini. Lokacin layya, huhu ko hantar da aka ga ƙulli mai ruwa a jikinta a binne ta, kada a jefa wa kare: ta nan yake ɗaukar wata tsutsa da ƙwanta ke fita a kashinsa ya kama mutane. A riƙa kwashe kashinsa daga inda yara ke wasa, a ba shi maganin tsutsa da na kaska bisa shawarar likitan dabbobi, yara kuma su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi.

Haukan kare

Nan ne babban haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta kiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma akwai rigakafi tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar a Faransa ya tsira.

Saboda haka a kai kwikwiyo ofishin ma'aikatar kiwo ko wajen likitan dabbobi a yi masa allura in ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan ya rubuta, a adana karnen allurar.

In kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a zuba Bétadine ko alkol in akwai, a wuce CSI ko asibiti a ranar. Kada a sa barkono, toka ko garin magani, kada kuma a ce ai ɗan ƙwarzane ne. A tsare karen aƙalla kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a kai yaron asibiti. In an fara allura a cika ta.

Iyaye, a kiyaye wannan: yaro yakan ɓoye cizo don tsoron duka, ciwon kuma yana iya ɗaukar wata 2 ko 3 kafin ya fito. Ku gaya wa ɗiyanku tun yau cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya zo ya faɗi, ba mai dukansa. Allah Ya kare mana zuri'a.