Gawayin Bagaruwa a Gaɓar Dindir da Lissafin Zafinsa

Hausawan da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, sun yada zango a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, daga baya kuma ƙauyukansu suka bazu har kogin Dindir. A ƙasar Hausa gawayin ƙirya maƙeri ya fi so, amma a sabon mazauni bagaruwa, wadda Larabawan Sudan ke kira sunut, ita ce ta cika fadamun kogi, har gwamnatin Turawa ta keɓe dazuzzukanta domin yanka katakon shimfiɗa layin dogo.

Masu gawayi a yankin kan jera itace su lulluɓe shi da ciyawa da ƙasa, tsibin da ake kira kamina, su bar 'yan kafofi kaɗan, domin idan iska ta yi yawa toka za a kwasa. Maƙeri kuwa akasin haka yake nema, shi ya sa yaronsa ba ya sakin zugazugi sai garwashi ya yi fari.

Wannan sani na hannu ana iya mayar da shi lissafi da binciken da masanin sinadarai Jamen Hes ya yi a Rasha a 1840, da ya nuna cewa jimillar zafin da sauyin sinadarai ke fitarwa ɗaya ce, ko a mataki guda aka yi shi ko a matakai. A kan haka aka gina jadawalin zafin samuwa, wato zafin da ke fita ko shiga yayin da sinadari ya haɗu daga tushensa, ana kuma samun zafin kowane sauyi ta hanyar ɗebe na abin da aka fara da shi daga na abin da aka samu. Giram 12 na kabon, wanda shi ne jigon gawayi, yana ba da kilojul 393.5 idan ya ƙone sarai, amma idan iska ta gaza ya tsaya a kabon monoksaid, gubar da ke kashe mai kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, kilojul 110.5 kawai yake bayarwa. Ragowar 283, fiye da kashi biyu cikin uku, sai da wadatar iska ake samun su.