Kwanciyar mai juna biyu: Wane gefe ya fi dacewa, kuma me ya sa?

Daga wata na bakwai na goyon ciki, barci kan zama aiki ga mace. Ƙugu na ciwo, ƙwannafi na tasowa, fitsari na tayar da ita sau biyu ko uku kafin asuba. Sai dai batun bai tsaya ga jin daɗi ba. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa yadda mai ciki take kwanciya a watannin ƙarshe yana da alaƙa da lafiyar abin da ke cikinta. Wannan sani yana da muhimmanci musamman ga matan garuruwa irin su Magami da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu a Jihar Zamfara, inda matsalar tsaro ta sa fita asibiti cikin dare ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke faruwa idan aka yi rigingine

Akwai manyan jijiyoyin jini guda biyu da suka bi ta gaban ƙashin baya. Ɗaya tana kai jini daga zuciya zuwa ƙasan jiki, ɗayar kuma, wadda ke ɓangaren dama, tana mayar da jini daga ƙafafu da mara zuwa zuciya. Idan ciki ya tsufa, mace ta kwanta rigingine, nauyin mahaifa da jariri da ruwan da yake ciki kan danne wannan jijiya ta biyu. Jinin da ke komawa zuciya sai ya ragu, wanda zuciya ke turawa mahaifa shi ma ya ragu, jariri kuwa ta wannan jini yake samun abinci da iskar shaƙa.

Wasu matan kan ji alamar hakan nan take: jiri, gumi, tashin zuciya ko ƙuncin numfashi, waɗanda ke gushewa da zarar sun juya gefe. Wasu kuma ba sa jin komai, domin jiki na da ƙananan jijiyoyi da ke ɗaukar wani kaso na aikin. Rashin jin alama ba hujja ba ce cewa jinin na gudana yadda ya kamata.

Abin da bincike ya gano

A 2011 masu bincike a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan suka fara jawo hankali kan alaƙar yanayin kwanciya da haihuwar jariri babu rai. A 2013 wani nazari a Asibitin Koyarwa na Korle Bu da ke Akara, babban birnin Gana, ya sami irin wannan alaƙa tsakanin matan Afirka ta Yamma. A 2017 binciken da Farfesa Alexander Heazell ya jagoranta a Ingila ya nuna cewa haɗarin ya ninka fiye da sau biyu ga matan da ke fara barci a rigingine bayan mako na 28.

A 2019 aka haɗa bayanan nazarce-nazarce da dama wuri guda, sakamakon ya tabbatar da hakan, ya kuma ƙara da cewa babu bambanci tsakanin gefen hagu da na dama. A shekarar ce wani bincike a Amurka, kan mata fiye da 8,000, bai ga wata illa daga yanayin kwanciya ba har zuwa mako na 30. Ma'ana, a farkon ciki da tsakiyarsa babu abin fargaba. Shawarar ta shafi watanni ukun ƙarshe ne.

Daga wata zuwa wata

A watanni ukun farko mahaifa na ɓoye cikin ƙugu, don haka mace na iya kwanciya yadda ta saba, har da rub-da-ciki. Daga wata na huɗu zuwa na shida rub-da-ciki kan gagara da kansa, kuma lokacin ne ya fi dacewa a fara sabawa da kwanciyar gefe. Daga mako na 28, wato wajen wata na bakwai, ƙa'idar ita ce a fara kowane barci a kan gefe, na dare ne ko na rana.

Likitoci sun daɗe suna fifita hagu saboda jijiyar da ake gudun dannewa tana dama. Amma macen da ta saba kwanciya a gefen dama, kamar yadda Musulmi ke yi don bin sunna, ba ta da dalilin damuwa. Tana iya fara barci a dama, ta juya hagu idan kafaɗa ta gaji.

Wadda ta farka ta tarar da kanta a rigingine kada ta tsorata. Binciken ya dubi yanayin da aka fara barci ne, domin a nan mutum ya fi daɗewa. Ta juya gefe ta ci gaba da barcinta.

Dabarun samun sauƙi

Ba sai an sayi filo na musamman ba. Matashi guda tsakanin gwiwoyi, tare da ɗan lanƙwashe ƙafafu, na rage ciwon ƙugu. Zani da aka naɗe aka tokare ƙasan ciki da shi na ɗauke nauyi, wani kuma a bayan mace na hana ta mirginawa. Mai kwana a tabarma ta ƙara shimfiɗa a daidai ƙugu da kafaɗa.

Mai fama da ƙwannafi ta ci tuwon dare da wuri, awa biyu ko uku kafin kwanciya, ta rage yaji da maiƙo, ta kuma ɗaga kai da kafaɗu da matashi. Goro da shayi mai ƙarfi da yamma na hana barci. A yawaita shan ruwa da rana, a rage shi dab da kwanciya. Wajen tashi kuwa, a fara juyawa gefe, a dafa da hannu, a zauna kaɗan kafin a miƙe.

A lokacin bazara, da mutane ke kwana a tsakar gida, da kuma damina, gidan sauro mai magani wajibi ne. Zazzaɓin cizon sauro na jawo ƙarancin jini ga uwa da ƙarancin nauyi ga jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shan maganin rigakafinsa aƙalla sau uku a wurin awo, daga wata na huɗu, da tazarar wata guda tsakani. Maganin barci da jiƙe-jiƙe kuwa, kada a sha sai da izinin ma'aikacin lafiya.

Alamun da ba a jira gari ya waye a kansu

Kwanciyar gefe ba ta maye gurbin awon ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa. Raguwar motsin jariri ko tsayawarsa, zubar jini, fashewar ruwa kafin lokaci, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga ko zazzaɓi mai zafi, duk suna buƙatar asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

A Gusau akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da Asibitin Mata da Yara na Sarki Fahad. Ga iyalan da ke nesa, kamar na hanyar Magami zuwa Ɗansadau, hikima ita ce a shirya tun ciki na wata bakwai: a san motar da za a hau, a ware kuɗin mai, a san ɗan'uwan da za a sauka wurinsa a gari idan ungozoma ta ce cikin na buƙatar kulawa ta musamman.

A nan maigida da uwar miji da sauran matan gida ke da rawar takawa. Rage wa mai ciki daka da ɗibar ruwa, ba ta damar hutun rana, da tuna mata ta juya gefe idan aka gan ta a rigingine, abubuwa ne da ba sa cin ko kwabo, amma suna cikin abin da ke taimaka wa uwa da ɗa su rabu lafiya.