Kafuwar Limited Editions Club da Masu Sassaƙa Hotunan Littattafansa

Limited Editions Club kamfanin buga littattafai ne da George Macy ya kafa a birnin New York na Amurka a shekarar 1929. Manufarsa ita ce sake buga fitattun littattafan adabin duniya a kan takarda mai kyau, da bango mai ƙarko, da hotunan da ƙwararrun masu zane suka yi musamman domin kowane littafi. A farkon kafuwarsa ba a kai littattafan kasuwa. Mutum yakan yi rajista ya zama mamba, a riƙa aiko masa da littafi ɗaya kowane wata a kan dala 10. Kwafi 1,500 kacal ake bugawa a lokacin, kowanne da lambarsa, kuma galibi mai zanen kan sa hannu a shafin ƙarshe.

Littafin farko, Gulliver's Travels, ya fito ne a watan Oktoban 1929, watan da kasuwar hannayen jari ta Amurka ta durƙushe. A ka'ida sana'ar kayan ƙawa ce ke fara mutuwa a irin wannan lokaci, amma tsarin rajista ya rufa wa Macy asiri, domin ya san adadin masu saye kafin ya ba madaba'a aiki. Shi kansa ba shi da madaba'a. Yakan raba aikin ga madaba'u daban-daban a Amurka da Turai, shi ya sa da wuya a ga littattafansa biyu masu kama ɗaya. A 1934 Picasso ya yi hotunan Lysistrata, a 1935 kuma Matisse ya yi na Ulysses. Waɗannan biyun ne masu tara littattafai suka fi nema, amma ƙashin bayan aikin yana hannun wasu masu zane da sunansu bai kai nan ba, ciki har da masu sassaƙa hoto a katako.

Wannan sana'a Thomas Bewick na Ingila ne ya ɗaukaka ta a ƙarshen ƙarni na 18. Ana yanka katako mai tauri a gicciye, a goge fuskarsa sumul, sannan a bi ta da ɗan ƙarfe mai tsini ana ƙwaƙule siraran layuka. Inda aka ƙwaƙule ya fito fari a takarda, inda aka bari ya ɗauki tawada, kamar hatimi. Mai sassaƙa yana fito da haske ne daga cikin baƙi, kuma in ƙarfe ya zarce gyara sai da wahala. Amfaninsa ga madaba'a a wancan zamani shi ne tsayin katakon daidai yake da na haruffan dalma, don haka ana buga hoto da rubutu a tashi ɗaya.

Fritz Eichenberg, wanda aka haifa a Jamus a 1901 ya bar ƙasar a 1933 da Hitler ya hau mulki, yana cikin waɗanda Macy ya fi dogara da su. Hotunansa na Crime and Punishment na Dostoevsky, da suka fito a 1938, cike suke da ƙuntatattun ɗakuna da fuskokin mutanen da damuwa ta cinye, kuma baƙin katako ya dace da labarin ƙwarai. Agnes Miller Parker 'yar Sikotland kuwa hannunta ya fi taushi. Ita ta sassaƙa hotunan littattafan Thomas Hardy, inda gonaki da tumaki da sararin samaniya suke fitowa da layuka sirara ƙwarai.

A 1935 Macy ya buɗe wani reshe, Heritage Press, domin masu ƙaramin ƙarfi. A nan babu iyakar kwafi, babu sa hannu, bangon ma mai araha ne, amma sau da yawa hotunan su ne dai. Ta wannan hanya ce aikin masu sassaƙa ya shiga gidajen talakawan masu karatu.

Macy ya rasu a 1956, matarsa Helen ta riƙe kamfanin har 1968, sannan ɗansu Jonathan ya karɓa. A 1970 aka sayar da shi ga kamfanin Boise Cascade, daga nan ya yi ta sauya hannu, darajarsa tana raguwa. A ƙarshen shekarun 1970 Sidney Shiff ya saye shi ya sauya masa alkibla, ya rage yawan kwafi sosai, ya ƙara farashi, ya koma haɗa kai da manyan masu zane na zamani.

Heritage Press kuwa ya faɗa hannun kamfanin MBI na jihar Connecticut, mai Easton Press. Easton ya sake buga da yawa daga cikin tsofaffin littattafan da bangon fata, da ruwan zinari a bakin shafuka, da ƙyallen alamar shafi. Hotunan da ke cikinsu ba daga katakon asali aka buga su ba, ɗaukarsu aka yi daga bugun baya, shi ya sa masu tara littattafai kan fifita bugun Macy na farko ko da bangonsa na yadi ne.